Wane suna za mu ba wannan sikanin?

Mai fassara daga Bukuru: Jama'a, ina fassara takardar wayar da kai kan hatsarin mota, na maƙale. Direba ya daki sitiyari da ciki a Hawan Kibo, fata ba ta fashe ba, likita ya ɗora masa na'urar nan ta "ultrasound" yana neman jinin da ya zuba ta ciki. A intanet ana cewa "duban ɗan tayi". Gardi mai gemu, wane tayi za a duba masa?

Wata nas: Wallahi Malam, mu a ɗakin gaggawa "sikanin" kawai muke cewa. Ka ce "hoton ciki" sai dangi su ɗauka juna biyu ake nufi, wasu kuma su zaci hoton ƙashi ne.

Likita: Kafin a raɗa suna, a san aikin. Ba haske ake harbawa ba kamar a hoton ƙashi, sauti ne da kunne ba ya iya ji, na duba ciki yakan kai megahaz (ma'aunin saurin kaɗawar sauti) 2 zuwa 5. Yana shiga jiki ya dawo, na'ura ta mayar da shi hoto. Wuri huɗu muke leƙawa: tsakanin hanta da ƙodar dama, gefen saifa, bayan mafitsara, da jakar zuciya. Jinin da ya taru baƙi wuluk yake fitowa. Saifa ce ta fi fashewa, sai hanta. Cikin 'yan mintuna an gama, a kan gadon, kuma in jini ya bayyana alhali awon jinin majinyaci na faɗuwa, tiyata za a wuce kai tsaye. Amma fa raunin hanji yakan ɓoye wa sikanin.

Wani malamin Hausa: To ai ga shi: "hoton amsa-kuwwa".

Nas: Haba Baba, lasifikar masallaci za su tuna!

Malamin: Kin yi gaskiya, 'yata. A rage shi, "hoton amo". Gajere ne, ya dace da mai ciki, ya dace da direba.

Likita: Na yarda. Wannan na wuri huɗun kuwa, da muke kira FAST, a ce "duban jinin ɓoye".

Mai fassara: Shi ke nan, "hoton amo" zan sa, in haɗa da "sikanin" a karon farko don kada mai karatu ya ɓata. Na biyun, Likita, ka fara gwada shi a kan masu jinya ka faɗa mana yadda suka karɓa.