Muhawara: Shin lalaci ne ya kawo yawan odar abinci a Kano?

Baban Sadiƙ: Assalamu alaikum. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A unguwarmu, daga azahar zuwa isha'i, ba za ka rasa ganin yaro a kan babur ya tsaya a ƙofar wani gida da ledar abinci ba, alhali akwai matar aure a ciki, akwai kuma shinkafa da mai da maigida ya sauke. Ni a ganina lalacin matan zamani ne ya kawo wannan, kuma yana cinye albashin magidanta.

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Malam, wa kake kira malalaciya? Ni malamar makaranta ce, ina barin gida da ƙarfe 7 na safe, ba na dawowa sai bayan la'asar, bayan na sha cunkoson adaidaita sahu, sannan in tarar da wanki da aikin gidan yara. Idan na sayi abincin dare da kuɗin gumina, ina lalacin yake?

Ɗan Kwari: Hajiya ta yi gaskiya, kuma mafi yawan waɗanda nake gani suna saye maza ne. Jihar Kano ta haura mutum miliyan 9 tun a ƙidayar 2006, birnin kuma ya yi faɗin da ɗan kasuwar da ke zaune a Rijiyar Zaki ko Mariri ba zai bar shagonsa a Kantin Kwari ya koma gida cin abincin rana ba. Ga gwauraye, ga 'yan ci-rani da suka baro iyalinsu a ƙauye, ga ɗaliban Jami'ar Bayero, waɗanda mai shayi da mai tuwo-tuwo ne ke riƙe da cikinsu.

Baban Sadiƙ: Ƙanina, ban yi maganar gwauraye ba. Amma ban janye kalmata ba, domin iyayenmu mata sun yi daka da surfe, sun dafa da itace, ba su yi ƙorafi ba.

Tsohon Malami: Baban Sadiƙ, waɗannan iyayen da ka ambata su ne suka fara sana'ar. Tun da daɗewa matan kulle a cikin birni suke yin ɗanwake da alale da waina da gurasa, yara su ɗauka talla, kuma gidaje da yawa kokon safe da ƙosai saya suke yi daga maƙwabta. Abin da ya sauya shi ne waya ta maye gurbin kiran yarinya mai talla, babur kuma ya maye gurbin faranti a ka.

'Yar Zariya: Baba, da girmanka, kada ka yi wa talla ado. Tallar nan ce ta hana dubban 'yan mata zama a aji, kuma gara odar WhatsApp sau dubu da a tura yarinya tasha da faranti.

Ɗan Kwari: Yaya, da kuɗin talla aka yi wa iyayenmu kayan ɗaki, kuma ba daga Zariya za a koya wa Kanawa neman halak ba.

'Yar Zariya: Ban raina neman kowa ba, amma idan gori ne, Zazzau ba ta jiran izinin Kano kafin ta yi magana a kan ilimi.

Maman Ummi: Har yanzu ba a ba ni amsa ba. Namijin da ya ci tsire da gurasa a bakin titi kafin ya shiga gida, shi me sunansa? Ko lalaci na mata ne kaɗai?

Hajiya Mai Abinci: Ni da nake sana'ar zan faɗa muku. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin gas da gawayi da kayan miya suka tashi, mutum ɗaya ko ango da amarya sun fi samun sauƙi su sayi kwano biyu da su ɗora tukunya. Gida mai yara takwas kuwa ba ya odar abinci, domin aljihu ba zai ɗauka ba.

Baban Sadiƙ: Hajiya, ke ai dole ki kare, tunda cinikinki ne.

Mai Kula da Zaure: Jama'a, a dakata haka. Abin da na fahimta shi ne akasarin mahalarta ba su yarda cewa lalacin mata ne ya kawo yawan odar abinci ba, wasu ma sun kawo uzurin aiki da tsadar gas. Baban Sadiƙ ya yi magana a matsayin magidanci mai kishin gidansa, bai kamata a riƙe shi da kalma ɗaya ba. Batun talla da na Kano da Zariya ba su cikin maudu'i, don haka na rufe wannan zaren.