Nonon raƙumi, na akuya ko na tunkiya: abin da muka tsayar

Jiya a majalisarmu ta Agege an sha musu kan nonon nan uku, ga abin da na tsinta. Na tunkiya ya fi kauri da maiƙo da furotin, na akuya na binsa, na raƙumi kuma tsinkakke ne da ɗan gishiri-gishiri amma ya fi su bitamin C, kuma ba ya saurin yin kindirmo. Inda aka fi daɗewa shi ne tsafta, don wanda ake kawowa daga Arewa a jarka ya kwana a mota cikin zafi, ga wutar Legas ba tabbas, firij ya zama kabad. Wani dattijo dai ya dage wai ɗanye ya fi magani, aka ce Baba a tafasa, cutar burusela da ake ɗauka daga ɗanyen nono ba ta ƙyale ko na raƙumi ba. A wanke hannu da hantsa da ƙwarya kafin tatsa.