Neman shawara: manhajar da na yi wa shagon Kawu tana cinye lambar ƙarshe

Mai tambaya, daga Garwa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin Python ku agaza min, kwana uku ke nan abu ɗaya ya tsaya min a rai.

Wata biyar ke nan da na fara koyo. Kawuna yana da shagon kayan masarufi a babbar kasuwa, har yau a littafi yake lissafi, shi ne na ce bari in rubuta masa 'yar manhaja da tkinter, kayan aikin Python na gina taga da akwatuna a allo: akwati ɗaya na farashi, ɗaya na adadi, jimla ta fito a ƙasa tun mutum yana cikin bugawa. Ga abin da na sa:

farashi.bind("<Key>", lissafa)

Jimlar tana fitowa, amma kullum a baya take da lamba ɗaya. Ranar Asabar wata mata ta ɗauki kwali huɗu a kan sefa 2500, yaron shago ya buga, allo ya nuna masa 1000 maimakon 10000, ya faɗa mata haka. Allah ya sa mai tsoron Allah ce, ta ce a sake dubawa. Kawu bai yi min faɗa ba, ya dai janyo littafinsa daga ƙarƙashin tebur ya buɗe, kuma hakan ya fi faɗan yi min ciwo. Na lura idan aka danna wani maɓalli bayan haka, ko na kibiya ne, lissafin yakan gyaru.

Akwai wasu biyu. Na so in hana shigar haruffa, sai na ce a karɓi keycode daga 48 zuwa 57 kawai. A laftof ɗina mai Windows, wanda na sayo a Yola, lafiya lau. A tsohuwar kwamfutar shago da aka sa wa Linux, mai kibod irin na Faransa, lambobi suka ƙi shiga sam, sai w, x, c, v, b, n ke shiga, dole na cire. Sannan Enter na gefen dama, wanda ke tare da lambobi, ba ya shigar da kaya cikin jeri, sai babban na tsakiya. Ina ne na kauce?

Wani ɗan uwa daga Marwa:

Wa alaikumus salam. Canja "<Key>" zuwa "<KeyRelease>", yanzun nan zai daidaita. Ni ma na sha wannan a shekarata ta farko.

Malamin kwamfuta, daga Ngaundare:

Ƙanena, da farko ka kwantar da hankalinka. Kusan duk ɗalibin da na koya wa tkinter sai da ya faɗa ramin nan, kuma ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, tsarin ne ba ya bayyana kansa sai an nuna maka.

Idan aka danna maɓalli, saƙon yana bin layi ne mai tasha huɗu. Tashar farko ita ce akwatinka shi kansa, wato abin da ka ɗaura da bind. Ta biyu ita ce dokar da Tk, injin da ke ƙarƙashin tkinter, ya shimfiɗa wa duk wani Entry, wato akwatin rubutu, kuma a nan ne ake saka harafin cikin akwati. Sai taga, sai ta kowa da kowa. Ka ga ke nan lissafa ɗinka yana tambayar abin da ke cikin akwati tun kafin sifilin ƙarshe ya iso, shi ya sa ya ga 250, ya ninka da huɗu ya ba ku 1000. Kamar mai ƙirga buhuna ne a sito alhali ɗan dako na bakin ƙofa da na ƙarshe a ka. In kana son ka ga layin da idonka, buga farashi.bindtags() ka duba abin da zai fito.

Shawarar ɗan uwanmu na Marwa za ta rufe wannan ɓarakar, ban musa ba, amma a shago ba zan saki jiki da ita ba. Idan yaron ya buga da sauri ya danna Tab, sakin maɓallin yana iya zuwa wa akwati na gaba. Ranar da ka sa maɓallin allo na "goge" ko na cika farashi da kansa, rubutu zai canja ba tare da an taɓa kibod ba, jimla ta tsaya a tsohuwa. A Linux ma maɓallin tsakiya na linzami yana liƙa rubutu. Kai ba dannawa ce ta dame ka ba, abin da ke cikin akwatin ne. To shi za ka sa wa ido:

kudi = tk.StringVar()
farashi = tk.Entry(taga, textvariable=kudi)
kudi.trace_add("write", lissafa)

Ka rubuta def lissafa(*saura) domin trace yana aiko da abubuwa uku. Ka yi haka ga akwatin adadi ma. Abu biyu ka kiyaye: kada kudi ya zauna cikin wani aiki da zai ƙare ya tafi da shi, don Python zai share shi, sa idon ya mutu ba ko gargaɗi, sannan lokacin da akwati yake fanko, int, mai mai da rubutu lamba, ba ya karɓar rubutu marar komai, sai ka ɗauke shi sifili. Shi trace_add daga Python 3.6 ya fara, tunda kwamfutar tsohuwa ce ka duba wanne ke kanta.

Batun w, x, c kuwa, keycode ba lambar harafi ba ce da kowa ya yarda da ita. A Windows 48 zuwa 57 su ne 0 zuwa 9. A Linux lambar ta mazaunin maɓalli ce a jikin kibod: layin sama yana kama daga 10 zuwa 19, su kuwa 52 zuwa 57 layin ƙasa ne, inda w, x, c, v, b, n suke a kibod ɗin Faransa. Manhajarka ta bi umarninka sak. Ka rabu da keycode kwata-kwata, Entry yana da mai gadinsa:

def tace(sabo):
    return sabo == "" or sabo.isdigit()

duba = (taga.register(tace), "%P")

sai ka ƙara validate="key" da validatecommand=duba a wurin ƙirƙirar akwatin. Wannan %P shi ne yadda rubutun zai kasance in an yarda da canjin. Tilas tace ya dawo da True ko False. In ya dawo da wani abu daban, ko ya yi kuskure a ciki, Tk zai kashe tacewar baki ɗaya ka yi ta mamaki.

Wani daga Kusiri:

Ni dai tambayata, me ya sa ba za ka yi masa a Excel ba? Cikin awa ɗaya ka gama.

Mai tambaya:

Yaya, na yi tunanin haka. Amma Kawu yana tsoron teburin nan mai ɗakuna barjat, sau biyu yana goge lissafi bisa kuskure a wayar ɗansa. Akwati biyu da jimla da manyan lambobi shi ne abin da zai yarda ya taɓa. Kuma ina so in iya abin.

Wata 'yar uwa daga Injamena:

Malam ya gama magana, Allah ya ƙara ilimi. Gyara ɗaya nake da shi, da izininsa. A kibod ɗin AZERTY, wato na Faransa, akwai wani ɗan maɓalli can sama ta hagu, ƙarƙashin Échap, mai fitar da ². Yatsa na yawan faɗa masa idan ana neman 1. To isdigit yana ɗaukar ² a matsayin lamba, ya bar shi ya wuce, int kuma ya ƙi shi ya jefo ValueError. Na gamu da shi a wata manhajar rajista da na yi wa kantin magani, na kwana biyu ina nema. Ka sa isdecimal a madadinsa. Shi ba ya karɓar ², amma yana karɓar lambobin Larabci irin ٢٥٠٠, kuma int ya san su. Mu nan da ake aiki da Larabci da Faransanci tare, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Na Enter mai sauƙi ne. Windows yana kiran duka biyun Return, shi ya sa ba ka gani a laftof ba. Linux na kiran na dama KP_Enter. Ɗaura su duka:

farashi.bind("<Return>", shigar)
farashi.bind("<KP_Enter>", shigar)

Kada ka sa baka biyu bayan shigar a nan, in ka sa zai yi aiki sau ɗaya lokacin buɗewa shi ke nan. In kuma aikin nan ne maɓallin allo yake kira, rubuta def shigar(sako=None), domin bind yana aiko da saƙo, maɓallin allo ba ya aikowa. Bayan an shigar da kaya ka goge akwatunan da delete, ka mai da alƙalami akwatin farko da focus_set, don kada yaron ya riƙa neman linzami ga layin mutane a gabansa.

Malamin kwamfuta:

Gaskiyarki ce, 'yar uwa, na manta da ² ɗin nan. Ƙanena, bi nata.

Ɗan uwa daga Marwa:

Na karɓi gyara, Malam. Yanzu na duba tawa manhajar, na liƙa da linzami, jimla ba ta motsa ba.

Mai tambaya, washegari:

Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan iyaye. Jiya bayan isha'i na gyara, yau da safe kafin a ɗauke wuta na kai shago. Na buga 4 da 2500 a gaban Kawu, 10000 ta fito kafin in ɗage yatsa. Ya sa na gwada kaya shida yana bi da biro a littafi, duk suka zo ɗaya. Littafin dai yana nan kan tebur, amma da azahar na ga shi da kansa yana bugawa da yatsa ɗaya.

Sai dai ya kawo wani ƙorafi. Shi 2.500 yake rubutawa, da ɗigo, yadda ya saba gani a takardun 'yan sari, wani lokaci 2 500 da tazara. Yanzu akwatin yana ƙin ɗigon, sai ya ɗauka kibod ɗin ne ya lalace ya yi ta danna shi da ƙarfi. In koya masa ya daina, ko akwai hanya?

'Yar uwa daga Injamena:

Kada ka takura wa dattijo, hannunsa ya shekara talatin a kan haka. Bar tace ya karɓi lamba da ɗigo da tazara, sai ka cire su da replace kafin ka miƙa wa int. Tunda ba a ciniki da ƙasa da sefa ɗaya, ɗigo a farashi ba shi da wata ma'ana sai raba dubbai.

Amma a akwatin farashi kaɗai. Akwatin adadi ka yi masa nasa tace daban, don in yana auna sukari ko shinkafa zai buga 1,5 na kilo ɗaya da rabi, in ka cire waƙafin ya zama kilo 15. A can ka yarda da waƙafi guda ɗaya tak, ka mai da shi ɗigo, ka yi amfani da float mai karɓar lamba mai ɗigo, sannan ka zagaye jimlar da round kafin ta fito a allo. Ka gwada 1,5 a kan 900 a gabansa, 1350 ya kamata ku gani.