Kurame a coci, banda addu'a me za mu yi musu?

Uwar_Biyu:
Salama 'yan'uwa. Akwai wani saurayi kurma a cocinmu, kullum yana bencin baya, a yi waƙa a yi wa'azi a yi sanarwa a tashi shi dai sai bin bakin mutane da ido, in ya ga ana dariya shi ma ya ɗan murmusa. Bayan sujada kowa ya ɗaga masa hannu ya wuce abinsa. Abin na damuna gaskiya. Me ya kamata mu yi?

Dattijo_B:
Mama ki duba Markus 7:31-37. Da aka kawo wa Yesu kurman nan mai i'ina, ai bai tsaya yi masa dogon bayani ba, ya ja shi gefe daga cikin taro, ya sa yatsu a kunnuwansa, ya taɓa harshensa, ya ɗaga ido sama. Duk abin da mutumin zai gani ya gane ne. Firistoci 19:14 kuma ta hana zagin kurma, amma mu yanzu har a gabansu ake gulmarsu wai ai ba sa ji.

YayarKurma:
Ƙanwata kurma ce, bari in faɗa muku abin da ya fi ci mata rai. Duk taron farkawa sai a jawo ta gaba a ɗora mata hannu ana ihu a kunnenta, in ba ta ji ba a ce bangaskiyarta ce ta gaza, ta koma gida tana kuka. Ita kuwa abokin hira take nema. Yawancin yara kurame iyayensu masu ji ne, da yawa ba su iya maganar hannu ba, to kaɗaicin tun daga gida yake farawa, ana hira ana shewa ka tambaya a ce bari anjima zan faɗa maka, anjimar kuma ba ta zuwa. Don Allah ku daina ɗaga musu murya, ba ya ƙara komai. Ku fuskanci saurayin nan, ku tsaya inda haske yake, in ta kama ku rubuta a waya.

Malamin_Lahadi:
Tausayi kaɗai yana mai da mutum mabaraci. Andrew Foster kurma ne ɗan Amurka, ya zo Ghana a 1957 ya buɗe makarantar kurame, kafin rasuwarsa a 1987 ya kafa irinta sama da 30 a Afirka. To ku ba yaron nan aiki, ko karɓar baiko ko shirya kujeru. Ku dawo da shi gaba, a riƙa ba shi ayoyin wa'azi a rubuce tun kafin a fara, matasa biyu ko uku su koyi maganar hannu, shi ma zai iya koya musu.

Uwar_Biyu:
Na gode ƙwarai. Amma Malam in bai iya karatu sosai ba fa? Zan fara tambayar mahaifiyarsa ranar Lahadi.

YayarKurma:
Shi za ki fara tambaya Mama, ba mahaifiyarsa ba.