Makin taimin ya ƙi zama daidai bayan gyaran injin roba-roba

Yaron Gareji:
Assalamu alaikum manya. Injin mashin roba-roba ne mai cc 110, an sa masa sabon fistin da ringi da gasket. Bayan an haɗa yana tashi da ƙyar, yana tari ta kabureta, kuma ba ya ja. Idan na daidaita makin maganeto, sai in ga makin sufuroket ɗin kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) ya ɗan goce daga tsagar hed kamar rabin haƙori. Na matsar da cen gaba da haƙori ɗaya, sai ya goce ta ɗaya gefen. Ina matsalar take, kuma mene ne tsarin sa taimin cen daga farko?

Oga Mai Sifana:
Wa alaikumus salam. Kafin komai, wane maki ka bi a jikin maganeto? Biyu ne kusa da juna, F da T. F wurin ba da wuta ne, yana zuwa kafin fistin ya ƙure sama. T shi ne inda fistin ya ƙure, kuma da shi ake saita kamshaf da tafet, wato gibin bawul. Wanda ya bi F zai ga irin gocewar da ka faɗa.

Cire fulogi don injin ya juya da sauƙi. Juya maganeto hagu, wato saɓanin tafiyar agogo in kana kallonsa daga gefen hagu na mashin, har layin T ya zo kan tsagar da ke jikin kes. Daga nan ka sassauta tenshina, wato abin da ke ɗame cen. A wannan injin yana ƙasa ta gefen hagu: ka kwance babban bolti, sifirin da sandar da ke tura hannun tenshina za su fito. In ba ka yi haka ba cen zai ɗaure, sai ka fara banƙarar sufuroket da sukundireba, da haka ake cinye zaren kamshaf.

Dubi kamshaf, tudunsa biyu su fuskanci fistin, kada ɗaya ya danne roka, wato hannun da ke danna bawul. Sa sufuroket cikin cen yadda alamar O za ta zo kan tsagar da ke gaban hed, sannan ka ɗora shi a kan kamshaf. In ramukan bolti ba su haɗu ba, kamshaf za ka ɗan juya, maganeto ya tsaya a T. Ɗaure ƙananan boltocin a kusan 9 Nm, ka riƙe maganeto yayin ɗaurewa. Mayar da tenshina, sannan ka juya injin da hannu zagaye biyu cikakku ka sake duba T da O. Dubawar da aka yi cen yana sake ba abin dogaro ba ce. In ka ji ya cije a hanya, tsaya nan, bawul ne ke taɓa fistin. Kada ka buga kik.

Baban Taimin:
Oga ya gama da tsari. Amma in da T aka yi kuma har yanzu rabin haƙori ne, to cen ɗin ya miƙe. Yaro, ka lissafa fistin da ringi da gasket, ban ga taimin cen a ciki ba. Cen da ya sha aiki fil-fil ɗinsa suna cinyewa, tsawonsa ya ƙaru, kamshaf ya riƙa zuwa a makare. Matsar da haƙori ba ya gyara wannan. Kirankishaf yana zagaye biyu kafin kamshaf ya yi ɗaya, don haka haƙori ɗaya a sama ya haura digiri 20 a ƙasa. Ka tashi daga makarar rabin haƙori ka faɗa gaggawar rabin haƙori, shi ya sa ka gan shi ta ɗaya gefen.

Gwaji mai sauƙi: ka ja cen daga saman sufuroket da yatsa. In ya ɗago har kana ganin gindin haƙora, ya gama aiki. Wajen sayen sabo ka tafi da tsohon ka ƙirga gaɓoɓinsa. Girman 25H ne, amma akwai mai 82, mai 84 da mai 90. Masu 100 da yawancin masu 110 suna cin 84, mai 82 na ƙananan injuna ne, mai 90 kuma na masu doguwar silinda. Mai shago zai ce duk ɗaya ne, ba ɗaya ba ne.

Kuma kada ka sa sabon cen a kan tsofaffin rola. Akwai ta roba a tsakiyar silinda wadda bolti ke riƙewa ta gefe, akwai ta hannun tenshina, sai sufuroket na ƙasa da cen ke bi ta kansa. Wannan na ƙasan shi ke juya famfon baƙin mai. In haƙoransa suka cinye, mai ya daina hawa hed, kamshaf da roka su ƙone alhali geji yana nuna mai a cike. Ban da ta tsakiyar silinda, sauran biyun sai an cire maganeto da farantin da ke bayansa kafin a kai gare su, don haka a canza su lokaci guda.

Malam Na Bayan Tasha:
Ƙari kan maganar tudun kamshaf. Akwai sufuroket da ke iya zama a kan kamshaf a juye, rabin zagaye. Injin zai tashi, tunda irin wannan yana ba da wuta a kowane zagaye. Matsalar tana zuwa wajen saita tafet: O yana kan tsaga, amma bawul biyun suna ɗan buɗe, sai a ba su gibi a kan tudu. Sakamakon shi ne ƙara kamar keken ɗinki da rashin ƙarfi. Kafin ka sa fila geji, wato ƙarfen auna gibi, kama rokokin biyu ka girgiza, dole su yi ɗan motsi. Gibin 0.05 mm ne, shiga da fita, injin yana sanye.

Tunda an riga an tayar da shi taimin a goce, duba kwamfireshan. In ya yi rauni, cire hed ka zuba fetur a ramin shiga da na fita. Inda ya tsiyaye ta bakin bawul, ko dai bawul ɗin ya lanƙwashe ko bai zauna ba.

Yaron Gareji:
Allah ya saka da alheri. Da T na yi, amma cen tsoho ne, yana ɗagowa sosai. Tenshinan fa, sai an canza shi?

Baban Taimin:
Duba kan robar da ke saman sandar, in ya lotse ko ya tsage a canza. Gwada sifirin da sabo, in ya gajarce shi ma ya tafi. Sandar tana da ɗan bawul a gindinta da ke riƙe mai, shi ke hana ta ja da baya. Bayan ka mayar da ita, kwance ƙaramin boltin da ke samanta, ka ɗura baƙin mai kamar cc ɗaya, ka rufe. In ka bar ta a bushe, cen zai yi ta kaɗawa a farkon tashi, kuma a lokacin ne yake iya tsallake haƙori.