Masara a abincin kare: me kuka gani da idonku?

Uwar Bobi:
Jama'a, barkanku. Karena ɗan shekara uku ne, wata huɗu ke nan yana susa ba dare ba rana, yana lasar ƙafa har gashin wurin ya koma ja. Ƙawata ta ɗaga buhun abincinsa ta karanta, ta ce masara ce ta biyu a jerin kayan haɗi, kuma ita ce matsalar. Wai cikon buhu ce kawai, kare ba ya iya narkar da ita, in koma irin wanda aka rubuta babu hatsi a ciki. Kafin in canza ina son jin ta bakin waɗanda abin ya same su. Don Allah ban da jita-jita, abin da ya faru da karenka nake so.

Mai Zaki:
'Yar'uwa, na riga ki bin wannan hanyar. Nawa ma susa ce. Na daina ba shi mai masara, na koma marar hatsi, wata biyu cur babu abin da ya ragu. Daga baya likitan dabbobi ya ɗora mu a kan gwaji na sati takwas: naman da bai taɓa ci ba iri ɗaya, da abu ɗaya mai sitaci, ko loma ɗaya ba a jefa masa daga faranti. Wannan sharaɗin ya fi komai wuya, don yara ba sa jin magana. A sati na biyar susa ta lafa. Sai muka riƙa mayar da tsofaffin abubuwan ɗaya bayan ɗaya. Aka ba shi masara, shiru. Aka ba shi shinkafa, shiru. Da aka mayar da kaza, cikin kwana uku kunnuwansa suka yi jajir. Na koma na duba buhun marar hatsin da na yi ta saya, ashe kaza ce a sahun farko. Yau shekara biyu yana cin mai kifi da masara, ko gezau.

Ɗaliba A Asibitin Dabbobi:
Abin da Malam Mai Zaki ya faɗa shi muka fi gani. Akwai nazarin da aka buga a 2016 wanda ya tattara karnuka 297 da aka tabbatar abinci ne ke tayar musu da aleji, wato jikinsu ya ƙi wani abu har ya jawo susa ko zawo. Naman shanu ne kan gaba da kashi 34 cikin ɗari, madara 17, kaza 15, alkama 13. Masara kashi 4 kacal. To amma Anti, kafin ma a zo batun abinci, kin duba ƙuma? Yawancin masu susar da ake kawo mana ƙuma ce ko ƙurar muhalli.

Tsohon Mai Kiwo:
Yarinya, ban musa lissafinki ba, amma ni da idona na ga ƙwayar masara ta fito a kashin kare yadda ta shiga. Shekarata ta kai talatin ina riƙe karnuka. In yana narkar da ita, me ya hana?

Ɗaliba A Asibitin Dabbobi:
Baba, gaskiya ka gani. Ƙwayar da ba a niƙa ba tana da ɓawo mai tauri, kare kuma haɗiya yake, ba ya tsayawa tauna. Ko mutum haka take fita masa. Ta cikin buhu an niƙa ta, an dafa da tururi da zafi, sitacin ya kumbura ya fashe, kuma a haka kare na narkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari na sitacin. A 2013 masu bincike a jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka kwatanta kare da kyarkeci. Ƙwayar gadon da ke samar da sinadarin narkar da sitaci, kyarkeci biyu gare shi, kare kuwa daga huɗu har zuwa talatin. Zamansa da mutane ne ya sauya masa ciki. Inda masara ta gaza shi ne furotin: kashi 8 zuwa 9 ne kawai, kuma tana da ƙarancin lisin da tiriftofan, biyu daga cikin tubalan furotin da jiki ke buƙata. Ƙarfi take bayarwa, da man linoleyik mai gyara fata da gashi. Ginin jiki kuwa ya fi samuwa daga nama ko kifi ko ƙwai.

Tsohon Mai Kiwo:
Wannan ta ƙarshen na yarda, don na sha wuyarta. Akwai lokacin da na tayar da ƙwikwiyoyi huɗu da dafaffen garin masara da ɗan tsokar nama. Ciki ya cika, suna ta wasa, na ɗauka komai lafiya. Suna wata huɗu ƙafafun biyu daga ciki suka fara lanƙwashewa. Likita ya ce kalsiyam ne babu, hatsi da tsoka duk fosforas ya yi musu yawa, kalsiyam ɗinsu kaɗan ne, ƙashin mai girma kuwa ba ya jira. Ɗaya ya miƙe bayan an gyara abincin, ɗayan da ɗingishinsa ya tsufa. Har gobe ina jin kunyar abin.

Baban Tiga:
Ku yi haƙuri in ɓata muku lissafi. Tawa karyar hatsi ne matsalarta. Zawo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ta rame, aka yi irin gwajin da Mai Zaki ya ambata, alkama ta fito. Da muka cire, cikin sati biyu kashinta ya ɗaure. Sau biyu ana yin kuskure ta ci biskit, sau biyun zawo ya dawo. Shinkafa da masara dai ba sa yi mata komai. Don haka idan wani ya ce hatsi ya cuci karensa kada a yi masa dariya, a tambaye shi wanne.

Maman Sarauniya:
Ni ba masarar nake tsoro ba, ajiyarta nake tsoro. Na sayi babban buhu don ya daɗe, na jingine shi a ƙasa jikin bango mai danshi, bakinsa a buɗe. Da muka ci rabi sai karyata ta fara shinshinawa tana juya baya. Na ɗauka iyayi ne, har ina zuba mata romo don ta ci. Bayan 'yan kwanaki sai amai da kasala, fararen idonta da dasashinta suka koma ruwan ɗorawa. Gwajin jini ya nuna hanta ta taɓu. Da na zazzage buhun, gindinsa ya dunƙule yana warin fumfuna. Likita ya ce akwai fumfunar da ke kama masara da gyaɗa ta bar dafi mai suna afulatoksin, dafuwa ba ta kashe shi, kuma kare ya fi mutum shiga hatsari tunda abu ɗaya yake ci kullum. Ba a gwada buhun ba, amma shi ya fi zargi. Ta sha ƙarin ruwa kwana biyar, Allah ya sa da sauran kwana. A ƙarshen 2020 a Amurka an janye wani abincin karnuka daga kasuwa kan wannan dafin, karnuka sama da 100 suka mutu. Yanzu ƙaramin buhu nake saya, in sa shi da ledarsa cikin bokiti mai murfi, nesa da ƙasa. In ta ƙi ci kuma ba na tilasta mata.

Mai Dogo:
Uwar Bobi, kafin ki ruga wurin marar hatsi ki ji wannan. Shekara uku nawa na cin irinsa. Da aka cire hatsi ai dole a cike gurbin, dangin wake da dankali ake zubawa, sitacin yana nan. A 2018 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fara bincike kan rahotannin karnukan da zuciyarsu ta buɗe ta yi rauni, akasarinsu masu cin irin wannan abincin. Ba a tabbatar shi ne sanadi ba, a ƙarshen 2022 hukumar ta ce ta daina fitar da bayani sai an samu sabuwar hujja. Nawa ƙaton kare ne, likita ya saurari ƙirjinsa ya ce lafiya lau, amma ya tambaye ni dalilin guje wa hatsi. Na rasa amsa. Cikin kwana goma muka koma mai shinkafa da sha'ir, ana cakuɗa sabo da tsoho a hankali.

Baban Tiga:
Af, na manta. Totuwa! Karen maƙwabcina ya haɗiye guntunta daga shara, ta toshe hanji, sai da aka yi tiyata. Ba ta narkewa ko kaɗan.

Uwar Bobi:
Na gode ƙwarai. Ɗaliba, jiya na taje shi a kan farin ƙyalle, baƙin gari ya yi ta zubowa daga gindin wutsiya. Na ɗiga masa ruwa, sai ya koma ja kamar jini. Na kira likita ya ce kashin ƙuma ne, in kai shi ranar Litinin, kuma kada in taɓa abincin tukuna don a san abin da ya yi aiki. In bayan wata biyu yana susa za mu shiga gwajin sati takwas ɗin. Buhun kuma na ɗauke shi daga jikin bango. Maman Sarauniya, bokitin naki na roba ne ko na ƙarfe?