Me ya sa mai karatu ba ya kama mai laifi kafin babin ƙarshe?

Ɗan Gadarif:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masu karanta tsofaffin littattafan binciken kisa, irin na Agatha Christie da Conan Doyle da ake samu da fassarar Larabci. Ana cewa duk hujjar da mai bincike ya gani an nuna wa mai karatu ita. To me ya sa sai an zo ƙarshe mutum yake riƙe baki? Akwai hanyar karatu ne, ko maguɗi ake yi mana?

Malamin Madani:
Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. A littafi mai kyau babu maguɗi. A 1929 wani marubucin Ingila, Ronald Knox, ya rubuta ƙa'idoji goma na irin waɗannan labarai, daga ciki: a ambaci mai laifin tun farkon labari, ba aljani ba tsafi, ƙofar sirri kada ta wuce ɗaya, kada a kawo gubar da ba a san ta ba. Hujjar tana nan, sai dai ana cusa ta cikin jerin tarkacen da aka zazzage daga aljihun mamaci, ko a faɗe ta dab da wata rigima da za ta ɗauke hankalinka.

Ka ɗauki takarda ka ja layi uku: lokaci, inda kowa ya ce yake, da wanda ya shaide shi. Wanda ba shi da shaida sai mutum ɗaya, ka sa masu alama su biyun. Kada ka yarda da agogon da ya fashe. A Murder on the Orient Express (1934) agogon mamacin ya tsaya a ɗaya da kwata, kuma hannun mutum yana iya juya allurar agogo. Sannan ka nemi abin da ya kamata ya faru amma bai faru ba. A labarin Silver Blaze kare bai yi haushi ba a daren da aka fitar da doki, Sherlock Holmes, mai binciken labaran Conan Doyle, ya gane ɗan gida ne ya shigo.

'Yar Kasala:
Malam, tsarin layukanka yana rushewa idan guba ce, domin mai kisan ba sai yana wurin ba. Christie ta yi aikin haɗa magani lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ya sa littafinta na farko (1920) ya tsaya a kan kwalba ɗaya. Maganin ƙarfin jiki da tsohuwar da aka kashe a labarin take sha yana da gubar sitiriknin kaɗan, daidai yadda likita ya rubuta. Aka zuba masa garin buromaid (maganin barci), gubar ta kwanta a gindin kwalba, ana tsiyaya mata na sama ba tare da an girgiza ba. Kurɓar ƙarshe ita ta kwashe gubar duka. Don haka ka ƙara layi na huɗu: wa ya taɓa abin kwanaki kafin ranar kisan?

Baba na Mai Wurno:
'Ya'yana, wannan lissafi ya girmi Ingila. A Suratu Yusuf shaidan cewa ya yi a duba riga: in ta gaba ta yage ga hukunci, in ta baya ga hukunci. Mai bin sawun raƙumi ma haka yake yi.

Amma ni ina ganin ba ƙarancin lissafi ke kayar da mai karatu ba, tausayi ne. Wanda bai karanta Death on the Nile (1937) ba ya tsallake nan. Jirgin ruwan da labarin ya faru a cikinsa ya zo har Wadi Halfa. Mutumin da shaidu suka ga an harba a ƙafa, yana riƙe da hankici ja jawur, shi aka fara cirewa daga zargi, alhali jan tawada ne. Ya ruga ya kashe matarsa, ya dawo ya harbi ƙafar da gaske. Kuma ga dukiya a hannun matar. Ka fara da tambayar wa zai ci gado, wa ke kishi, wa ke tsoron tonon asiri.

Holmes kuwa, a rage masa yabo kaɗan. A littafin A Study in Scarlet (1887) ya dubi Likita Watson a haɗuwarsu ta farko ya ce daga Afganistan yake, saboda ƙunar rana da raunin hannu da tsayuwar soja. Da a Gadarif ya yi kakar riɗi, fatar haka za ta ƙone.

Ɗan Gadarif:
Na gode, Baba. Layin Malam uku, na Yaya ɗaya, sai na gado na biyar. Zan gwada su a kan The Murder of Roger Ackroyd, don Allah kada kowa ya faɗi ƙarshensa a nan.